2,147,483,647: Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

Akwai wata lamba da mu masu rubuta manhaja muka haddace ba tare da wani malami ya ɗora mana ita ba, kamar yadda mutum yake haddace lambar wayar mahaifiyarsa: 2,147,483,647. Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. A baki ba ta da daɗin faɗa, a ido ma ba ta da wani fasali da zai sa a waiwaye ta. Amma ka rubuta ta a takarda ka miƙa wa ɗayanmu, a Kano yake ko a Alƙahira ko a Indiya, kafin idonsa ya kai ƙarshenta zai yi murmushi ko ya ja tsaki, gwargwadon abin da ta taɓa yi masa.

Girmanta ba ya shiga kai da sauƙi. Da mutum zai zauna yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci, ba cin abinci, ba tsayawa amsa sallama, sai ya shekara 68 kafin ya iso gare ta. Jaririn da aka fara ƙirgar ranar sunansa zai gama ta yana da jikoki. Mai karatu ya riƙe wannan 68 ɗin, za mu dawo gare ta.

Hanya mafi sauƙi ta gane asalinta ita ce asusu. A ce ka sayi asusu ranar ɗaya ga wata ka jefa naira ɗaya. Washegari ka jefa biyu, jibi huɗu, gata takwas, kullum kana ninka na jiya. Ranar goma ga wata, abin da ke ciki bai wuce 1,023 ba, kuɗin da ba zai sa kowa ya ɗaga kai ba. Ranar ashirin ya zama 1,048,575. Ranar talatin ya haura biliyan ɗaya. In watan mai kwana 31 ne, kamar Janairu ko Agusta, ranar ƙarshe da ka fasa asusun za ka tarar da naira 2,147,483,647 cif. A yaren lissafi, ka ninka biyu da kanta sau 31 ne ka cire ɗaya.

To, a kira 'yan'uwa a raba kuɗin nan daidai wa daida. Mutum biyu, naira ɗaya za ta yi saura, domin lambar wutiri ce. Mutum uku, saura ɗaya. Mutum biyar, saura biyu. Mutum bakwai, saura ɗaya. Ka tara mutum ɗari, ka tara dubu, ka tara gari guda, ba adadin da zai raba ta ba saura. Hanya biyu kawai ta yarda da su: mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a samo mutum 2,147,483,647 kowa ya ɗauki naira ɗaya. Irin wannan lamba, wadda ba mai raba ta sai ɗaya sai ita kanta, bari mu kira ta gagara-rabo. Ƙananansu kowa ya san su ko da bai san sunan ba: 2, 3, 5, 7, 11, 13.

Abin da ke ba mu sha'awa shi ne maƙwabtanta ba su da wannan taurin kai. Da watan mai kwana 30 ne, kuɗin asusun zai tsaya a 1,073,741,823, wanda yake rabuwa gida uku, gida bakwai, gida tara, gida goma sha ɗaya, duk ba saura. Dalili kuwa a fili yake ga masu lissafi: in adadin kwanakin kansa yana rabuwa, to jimillar ma dole ta rabu. Sai mutum ya zaci in kwanakin gagara-rabo ne, jimillar ma haka za ta kasance. Ina! Kwana 11 yana ba da 2,047, wato 23 sau 89. Kwana 29 yana ba da 536,870,911, wanda 233 take rabawa. Ke nan da lissafin watan Musulunci aka yi asusun, ko watan ya yi nuƙusani ko ya cika talatin, kuɗin zai rabu. Sai a kwana na 31 ake cin karo da wadda ta gagara.

Lambobin wannan gida, waɗanda ake samu ta ninka biyu a cire ɗaya kuma su fito gagara-rabo, suna ɗauke da sunan wani limamin Kirista ɗan Faransa, Marin Mersenne. Tamu ita ce ta takwas a jerinsu, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. A lura da tsallen da aka yi daga ta bakwai zuwa ta takwas, daga rabin miliyan zuwa biliyan biyu. A lura kuma 31 ɗin da ta haife ta ita ma tana cikin jerin, ita ce ta uku. Wato uwa 'yar gidan, 'ya ma 'yar gidan. Irin waɗannan masu gado ta sama da ta ƙasa huɗu kacal aka sani har yau, tamu ce ta uku a cikinsu.

A 1644 Mersenne ya fitar da jerin waɗanda yake ganin gagara-rabo ne, ya sa tamu a ciki, amma bai kawo hujja ba. Jerin nasa ma da kurakurai: ya saka na 67 da na 257 alhali suna rabuwa, ya tsallake na 61 da 89 da 107. A kan 31 dai ya dace. Sai da aka shekara 128 kafin a sami wanda ya tabbatar.

Wanda ya yi aikin shi ne Leonhard Euler, wanda ake furta sunansa Oila, haifaffen Suwizalan da ke zaune a birnin San Fitasbag na Rasha. A 1772 ya rubuta wa Bernoulli wasiƙa ya shaida masa. Lokacin yana da shekara 65, kuma tun shekarar da ta gabata idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya, ga gobara da ta cinye gidansa. Mu da muke ƙorafi in intanet ya yi nauyi na minti biyar, wannan labari yana sa mu yi shiru.

Yadda ya yi shi ne ya fi burge mu, domin dabara ce irin wadda ake koya mana a aji amma ba kullum muke ganin an yi ta da kyau ba: kafin ka fara aiki, rage aikin. Ba sai an gwada raba lambar da duk lambobin da ke ƙasa da ita ba. In tana rabuwa, dole ɗaya daga cikin masu raba ta kada ya wuce 46,340, saboda 46,341 sau kanta ta riga ta zarce ta. Daga biliyan biyu an sauko dubu arba'in da shida. Sannan tun kafin Euler, Bafaranshe Pierre de Fermat ya gano cewa duk gagara-rabon da zai raba lamba irin wannan, in aka raba shi da 62 sai ya bar saura ɗaya. An sauko ɗari bakwai da 'yan kai. Euler ya ƙara nasa sharaɗin, cewa in aka raba shi da takwas dole ya bar ɗaya ko bakwai. Aka sauko ƙasa da ɗari huɗu. Waɗannan aka bi ɗaya bayan ɗaya da alƙalami, ba wadda ta raba ta. Wayar da ke hannunka yanzu za ta gama wannan kafin ka ƙifta ido, amma ba wayar ce za ta gano cewa ɗari huɗu sun wadatar ba. Daga nan har tsakiyar ƙarni na 19 ba a san wata gagara-rabo da ta fi ta girma ba.

Tana da wata 'yar'uwa da take tafe da ita. Mutanen da suna girmama abin da ake kira cikakkiyar lamba, wadda in ka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, sai su dawo maka da ita. Shida ce ta farko: 1 da 2 da 3. Sai 28: 1, 2, 4, 7 da 14. Sai 496, sai 8,128. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, Iƙlidis na Girka ya nuna cewa kowace gagara-rabo ta gidan nan tana haifar da cikakkiya guda. Tamu ta haifi 2,305,843,008,139,952,128. A 1811 wani Bature ɗan Ingila mai suna Peter Barlow ya rubuta a littafinsa cewa da wuya a taɓa gano wadda ta fi wannan, tunda a ganinsa abin ban sha'awa ne kawai marar amfani, ba wanda zai ɓata lokacinsa ya wuce nan.

A kan abu biyu Barlow ya yi kuskure. Na farko, an wuce nan nesa ba kusa ba: a Oktoban 2024 aka gano ta 52 a gidan Mersenne, mai alƙaluma fiye da miliyan 41, tamu kuwa goma gare ta. Na biyu, amfani ya zo ya same ta har gida. Kwamfuta ba ta iya jefa ƙuri'a da kanta, sai an yi mata dabarar da za ta riƙa fitar da lambobi masu kama da na kan-mai-uwa-da-wabi. Wata tsohuwar dabara da Stephen Park da Keith Miller suka yaɗa a 1988 ita ce ka ɗauki lamba ka ninka ta da 16,807, ka raba da 2,147,483,647, ka riƙe saura, ka maimaita da sauran. Saboda ta ƙi rabuwa, lissafin ba ya taɓa faɗawa sifili ya mutu, kuma sai ya zaga duk lambobin da ke tsakanin 1 da 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa. Ba a tsare sirri da ita, amma wasanni da gwaje-gwajen kimiyya sun daɗe suna cin moriyarta.

Sai dai gaskiya ba don wannan muka haddace ta ba. Da yawa daga cikinmu sun shekara suna aiki da ita ba su san gagara-rabo ce ba. Mu a wurinmu katanga ce.

Kwamfuta tana ajiye lamba a gurabe, kowane gurbi kamar makunnin fitila, ko a kunne ko a kashe. Shi muke kira bit. Tsarin da ya mamaye duniya shekara da shekaru shi ne a ware wa lamba gurbi 32. Ana ɗauke ɗaya don ya nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31. Gurbin farko darajarsa ɗaya, na biyu biyu, na uku huɗu. Asusun nan ne dai ya dawo. In ka kunna duka 31, ka sami 2,147,483,647, kuma ba sauran wuri. Kasancewarta gagara-rabo ba shi ya sa aka zaɓe ta ba, dacewa ce kawai: katangar ta faɗo daidai kan lambar da makahon dattijon nan ya sha wahala a kanta.

Me ke faruwa in aka ƙara ɗaya? Wanda ya taɓa amfani da carbin latsawa na yatsa ya san amsar. In gurabensa biyar ne, daga 99,999 sai ya koma sifili kamar ba ka taɓa jan komai ba. Na kwamfuta ya fi wannan muni, domin ɗayan da ka ƙara yana tsallakawa ya kunna gurbin alama, sai lambar ta wuntsila ta zama biliyan biyu da 'yan kai ƙasa da sifili. A wasu rumbunan bayanai kuma ba ta wuntsilawa, sai ta toge a jikin katangar: duk abin da ka ba ta da ya fi ƙarfinta, 2,147,483,647 za ta rubuta.

Wannan na biyun ne yake kama lambobin wayarmu. Lambar waya a Nijeriya alƙaluma 11 ce. Ka cire sifilin farko, abin da ya rage yana farawa da bakwai ko takwas ko tara, wato biliyan bakwai zuwa sama, ya ninka katangar fiye da sau uku. Duk ɗan koyon da ya ajiye lambar waya a matsayin adadi maimakon rubutu, zai wayi gari ya ga ɗalibai dubu a rajistar makaranta duk lambar mahaifinsu ɗaya ce. Haka lambar shaidar ɗan ƙasa da ta tantance asusun banki, su ma 11 ne.

Na farkon kuwa kuɗi yake kamawa, kuma shi ne ya taɓa kai mu wani ofishi da ba za mu manta ba. Wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi ce, suna da ƙaramar manhaja da wani ya rubuta musu shekaru da dama kafin a kira mu. Bayan kaka aka shigar da wani babban ciniki, sai allon ya nuna ƙungiyar ce ma ake bi bashin sama da naira miliyan ashirin. Kwana uku ana taro. Ma'ajinsu dattijo ne da ya riƙe musu kuɗi tun ana rubutawa a littafi, ga shi zaune a gefe ya kasa haɗa ido da kowa. Ba wanda ya furta kalmar sata, amma an riga an daina miƙa masa hannu da fara'a.

Shugabansu ya ce mana, "Injiniya, mu dai gaskiya muke so. In ma kuɗin ne babu, ku gaya mana."

Muka tambaya nawa suke tsammanin ya kamata a gani. Aka ce wajen miliyan ashirin da biyu. Tun kafin mu buɗe komai muka dubi juna. Manhajar tana ajiye kuɗi a kwabo, wanda shi ne daidai, domin haka ake kauce wa ɓacewar canji. Amma kwabo 2,147,483,647 naira 21,474,836 ne da kwabo 47. Da kuɗinsu ya haura nan sai ya wuntsila. Muka ce, "Alhaji, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Arzikinku ne ya fi ƙarfin kwanon da aka auna muku." Muka ɗauki takarda muka haɗa bashin bogin da abin da ke banki a gabansu, jimillar ta ba da 42,949,672.96, wato iya abin da gurbi 32 za su iya ɗauka gaba ɗaya. Gyaran bai ci awa biyu ba. Dattijon ya yi hamdala, ya tashi ya fita alwala. Bayan wata biyu muka ji ya ajiye muƙamin da kansa.

Ba ma ganin baƙin wanda ya rubuta manhajar sosai. Lokacin da ya rubuta ta, miliyan ashirin da ɗaya kuɗi ne da ƙungiya irin wannan ba ta mafarkinsu. Yau akwai motocin gwanjo da suka fi haka tsada. Katangar tana nan inda take, darajar naira ce ta zame ta kawo mutane gindinta. Kuma ba ƙananan masu aiki kaɗai take kamawa ba. A Disamban 2014 YouTube ya sanar da faɗaɗa ma'aunin masu kallo zuwa gurbi 64, saboda bidiyon wani mawaƙin Koriya ta Kudu, PSY, ya zo ya taɓo katangar. A 2015 hukumar jiragen saman Amurka ta yi gargaɗin cewa in aka bar na'urorin lantarkin jirgin Boeing 787 a kunne kwana 248 a jere, wani ma'auni a cikinsu zai cika, wutar jirgin ta iya ɗaukewa ko da yana sama. Ka ƙirga ɗari a kowace daƙiƙa har ka kai lambarmu, kwana 248 da rabi za ka samu. Ranar 1 ga Janairu 2022 saƙonnin imel suka maƙale a ofisoshi masu amfani da Microsoft Exchange, saboda an rubuta kwanan wata a matsayin 2201010001, ita kuwa ta ɗara katangar.

Yanzu mu koma ga 68 ɗin da muka ce a riƙe. Kwamfutoci masu yawa ba su san Litinin ko Talata ba, daƙiƙoƙi kawai suke ƙirgawa tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 agogon GMT. Wannan ƙirga za ta kai 2,147,483,647 ranar Talata 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14 da daƙiƙa bakwai. A Kano da Damagaram ƙarfe 4:14 ke nan, kafin kiran assalatu. Daƙiƙa ɗaya bayan nan, duk na'urar da har lokacin take ƙirga da gurbi 32 za ta ɗauka ranar 13 ga Disamba 1901 ce.

Mun san za a ce haka aka yi ta kururuwa kafin shekarar 2000, aka wayi gari lafiya lau. An wayi gari lafiya ne saboda mutane sun shekara suna gyara a ɓoye, kuma gyaran da ya yi kyau ba ya shiga labarai. Wannan karon ma an yi nisa. Sababbin wayoyi da kwamfutoci sun koma gurbi 64, kuma tun 2020 tsarin Linux ya buɗe wa tsofaffin na'urori hanyar tsallakewa. Damuwarmu tana kan ƙananan kwamfutocin da ke ɓoye cikin wasu kaya, waɗanda aka haɗa aka rufe, kamfanin da ya yi su ma wataƙila ya daina aiki. Mun kuma san inda tsofaffin kayan duniya suke zuwa su ƙarasa rayuwarsu. Na'urar da asibitin Turai ya yi ritaya da ita, a wurinmu sabuwa ce, ana yanka mata kintinkiri.

Kuma 2038 ba ta jira sai ta zo. Duk manhajar da take lissafin gaba tana iya cin karo da ita tun yanzu. Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya yana ritaya ne in ya shekara 35 yana aiki ko ya cika 60 a duniya. Matashin da aka ɗauka a 2004, ranar ritayarsa tana 2039. In da tsohon ma'auni aka lissafa masa, takardarsa za ta iya nuna ya bar aiki tun kafin a haifi kakansa. Haka bashin gida na shekara ashirin, haka takardar haya mai dogon zango. Shi ya sa duk aikin da aka kira mu yanzu, ko ba a tambaye mu ba, mukan leƙa mu ga da gurbi nawa ake ajiye lokaci, kamar yadda magini yake ƙwanƙwasa bango ko da fenti aka kira shi.

Sabuwar katangar, ta gurbi 64, tana kan 9,223,372,036,854,775,807. In daƙiƙoƙi ake ƙirgawa, sai an shekara kusan biliyan 292 kafin a kai ta. Ba mu san ko mutum ɗaya a cikinmu da ya haddace ta ba. Ita ma 'yar asusun ce, ta kwana 63, amma 63 tara ce sau bakwai, don haka ba ta gaji taurin kan yayarta ba. Ka kira mutum bakwai, za ta rabu musu cif ba saura.